Renon Yaro Mai Cutar PKU a Maraɗi: Gwaji, Abinci da Lafiyar Hankali

A Maraɗi, idan gashin yaro ya yi ja, ya makara wajen zama da rarrafe, kowa yana da amsa a baki: tamowa ce, a dama masa kunun gyaɗa, a ba shi ƙwai da madara, a kai shi a auna dantse. Galibi hakan gaskiya ne. Amma akwai wata cuta ta gado wadda wannan shawarar ita ce ke ƙara mata ƙarfi. Sunanta fenilketonuriya, a taƙaice PKU, likitocinmu masu rubutu da Faransanci kuma su rubuta PCU. Ba ta da yawa a cikin baƙar fata idan aka kwatanta da Turai, inda ake samun kusan jariri 1 cikin 10,000, amma auren zumunci yana ƙara yiwuwarta, mu kuwa auren ɗan wa da ƴar ƙane ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Abin da ke faruwa a jikin yaron

Duk abinci mai gina jiki, nama ne ko wake ko gero, yana ɗauke da wani sinadari mai suna fenilalanin. Hantar mai lafiya tana juya rararsa zuwa wani sinadarin da ake kira tirosin. Hantar mai PKU ba ta iya wannan aikin, ko tana yin kaɗan ne kawai, sai fenilalanin ya taru a jini. Matsalar tana kai wa ƙwaƙwalwa ne saboda hanya ɗaya suke bi su shiga, shi da sinadaran da ƙwaƙwalwa ke haɗa dofamin da serotonin da su. Kamar motar haya ce ranar kasuwa: idan dangi ɗaya suka cika kujeru, sauran fasinja a tasha za su kwana. Dofamin da serotonin kuwa su ne ke riƙe da nutsuwa, mai da hankali, barci da walwala. Shi ya sa ba a raba maganar abincin wannan yaro da maganar hankalinsa.

Wani likita ɗan Norwe, Asbjørn Følling, shi ya gano cutar a 1934, bayan ya binciki fitsarin wasu yara biyu ƴan uwa ɗaya masu jinkirin hankali. A 1953 Horst Bickel da abokan aikinsa a Birmingham ta Ingila suka nuna cewa rage fenilalanin a abinci yana gyara halin yaro. A farkon shekarun 1960 Robert Guthrie a Amurka ya fito da gwajin ɗigon jini daga dugadugin jariri. Yaron da aka kama cutarsa a kwanaki 10 na farko, aka tsare abincinsa, yana girma da hankalinsa, ya yi karatu, ya yi sana'a.

Mataki na 1: kada ku hana komai sai an gwada jini

A nan ba a yi wa kowane jariri wannan gwajin ranar haihuwa, don haka yawancin iyaye alamu ne za su kai su asibiti. Jaririn yakan zo lafiya lau. Bayan ƴan watanni sai a ga ya makara wajen riƙe wuya da zama, fatarsa da gashinsa sun fi na ƴan uwansa haske, ƙuraje masu ƙaiƙayi, kai ƙarami, wani lokaci farfaɗiya. Akwai kuma wari a fitsari da zufa mai kama da na ɗakin da ɓeraye suka daɗe a ciki, wanda wanka ba ya kawar da shi. Uwa ce ke fara jin wannan warin, kuma sau da yawa kunya ke hana ta faɗa. Ki faɗa wa likita, yana daga cikin abin da zai fi taimaka masa.

Ku fara daga CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ku nemi takardar turawa zuwa wurin likitan yara, a asibitin uwa da yara ko babban asibitin Maraɗi. Abin da za ku tambaya shi ne awon fenilalanin a jini. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba. Sauƙin da ke ciki shi ne ana iya ɗiga jinin a kan takarda ta musamman, ya bushe, a aika da shi nesa ba tare da firji ba. Likitan zai san ko ta Yamai za a bi ko ta wani wuri. A jinin mai lafiya, fenilalanin yakan kasance ƙasa da maikromol 120 a lita (maikromol shi ne ma'aunin da ake auna shi da shi). Mai cutar mai tsanani, idan ba a kula da shi ba, yana haura 1,200. Ku kuma roƙi a duba ko matsalar ta ƙarancin wani sinadari ce mai suna BH4, domin wasu yara ƙalilan abinci kaɗai ba ya isar su, sai da magani.

Idan yaron ya riga ya kai shekara 2 ko 5 kafin a gane, kada wani ya ce muku aikin gama ya gama. Abin da ya lalace ba duka zai dawo ba, wannan gaskiya ce. Amma farfaɗiya takan ragu, ƙuraje su warke, kuka da dukan kai su lafa, yaro ya fara kallon idon uwarsa yana koyo.

Mataki na 2: madara ta musamman tana gaba da komai

Nan ne na fi jin tsoro. Uwa ta ji cewa nama da wake da madara suna cutar da ɗanta, sai ta janye su gaba ɗaya ta bar shi da rogo da ruwan sukari. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan: kumburin tamowa zai kama shi, kuma jikin da ke jin yunwa naman kansa yake ci, fenilalanin ya sake hawa. Yaro yana buƙatar abin gina jiki kamar kowane yaro. Yana samun mafi yawansa ne daga wani gari na musamman da aka cire wa fenilalanin, aka ƙara masa bitamin da ma'adanai. Ana dama shi da ruwa mai tsabta, ita ce madarar musamman, a raba shi aƙalla sau 3 a yini, ba a shanye shi a zama ɗaya.

Garin yana da tsada, kuma ba a samun sa a farmasin bakin titi, daga waje ake kawo shi. Don haka maigida, wannan aikinka ne: ka zauna da likita ku lissafa gwangwani nawa wata ke ci, ka nemi hanya biyu ta samowa, kada ka dogara da mutum ɗaya mai zuwa Faransa ko Aljeriya. Ka yi odar na gaba tun akwai na wata 2 a ɗaki, saboda iyaka na iya rufewa, kaya su maƙale. A ajiye gwangwanin a inuwa, a rufe shi sosai, musamman a zafin Afrilu da Mayu.

Jariri ba a yaye shi. Nonon uwa yana da fenilalanin kusan miligram 46 a mililita 100, na saniya kuwa ya ninka haka fiye da sau 3. Yadda aka saba yi, a fara ba shi madarar musamman gwargwadon da likita ya auna, sannan a sa shi a nono ya sha har ya ƙoshi. Fenilalanin ɗin da ke cikin nonon ma ana buƙatarsa, don jiki ba ya girma idan babu shi kwata-kwata.

Mataki na 3: sikeli a madafa

Likita zai ba ku adadin da yaron zai iya ɗauka a yini. Ga mai cutar mai tsanani yakan kasance tsakanin miligram 200 zuwa 500. Lissafin da ake yi shi ne gram 1 na furotin, wato abin gina jiki, yana da fenilalanin kusan miligram 50. Ƙwai guda ɗaya ya haura miligram 300, wato yana iya cinye rabon yini sukutum.

Abin da za a janye gaba ɗaya: nama kowane iri har da kilishi da balangu, kifi, fara, ƙwai, nono da madarar shanu, wake da ƴaƴansa irin su ƙosai, alala da ɗan wake, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, gujjiya, riɗi, da awara. Awara ta fi ban tsoro saboda arha ce, tana ƙofar kowace lakwal, waken suya kuwa fiye da kashi ɗaya cikin uku nasa furotin ne.

Abin da ya fi wuya a gidan Bamaraɗe shi ne gero. Ba a ɗaukar fura da tuwo a matsayin abincin gina jiki, amma gram 100 na gero yana da furotin wajen gram 11. Dawa da masara da alkama ba su yi nisa da haka ba. Ke nan malmalar tuwo ɗaya ta babba ta wuce rabon yaron, burodi da taliya ma haka. Ba a hana su ƙwaf, auna su ake yi. Ku sayi ƙaramin sikeli mai batir wanda ke nuna gram. Ki auna garin tun yana busasshe, ki zuba a wani ɗan kofi, ki ja layi da fenti a daidai inda ya tsaya. Daga ranar, ko ba kya gida, wadda za ta dama kunun ta san iyaka. Dafaffiyar shinkafa ta fi sauƙi, ba ta kai gram 3 a cikin 100 ba, dankalin turawa ma ana auna shi.

Rogo shi ne abokin tafiya. Furotin ɗinsa bai kai gram 2 a cikin 100 ba, sitacinsa kuwa kusan babu. Ana tuƙa tuwon garin rogo, ana yin tèba, ana dama kunun sitaci da tsamiya da sukari, ana soya rogo da mai. Sai dankali, kabewa, tumatir, albasa, tattasai, karas, kabeji, salak, yalo, kuɓewa, da ƴaƴan itace: mangwaro, gwanda, kankana, gwaba, lemo. Mai da sukari da zuma ba su da matsala, su ne ma ke ba shi ƙarfi. Man gyaɗa tatacce ya halatta, tunkuza ce ba ta halatta ba.

Zogale yana buƙatar magana ta daban. Muna alfahari da na Jiratawa, kuma ana yabonsa a matsayin maganin tamowa, to dalilin yabon shi ne furotin. Busasshen ganyen ya kai kashi ɗaya cikin huɗu. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ba na wannan yaro ba ne. Daddawa ma haka, ki ɗebi miyarsa kafin ki jefa ta, kafin kuma ki sa nama, don romo yana ɗaukar wani abu daga naman. Tukunya ɗaya ce, ɗiba biyu.

Ki riƙe ɗan karne kina rubuta abin da ya ci da yadda ya wuni. Ƙa'idar da likitocin Turai suka fitar a 2017 ta ce a riƙe fenilalanin ɗin jinin yaro tsakanin maikromol 120 da 360 har ya kai shekara 12, a gwada kowane mako a shekarar farko, sannan duk mako 2. A nan da wuya a iya bin wannan sau da ƙafa. Ku yi yarjejeniya da likita a kan abin da aljihu zai iya, ku tsaya a kansa.

Mataki na 4: abubuwa biyu da ke shigowa a leda

Na farko asfartam, abin zaƙin da ake sa wa a lemon da aka ce ba sukari, da cingam, da yawancin garin lemo na ƴan dala. Kusan rabinsa fenilalanin ne. A jikin leda ku nemi lambar E951 ko kalmar aspartame. Wasu magungunan yara na ruwa ko na tsotsa suna da shi, ku tambayi mai farmasi kowane lokaci. Zoɓo da lemon tsamiya na gida sun wadatar.

Na biyu Plumpy'Nut, abincin tamowa da ya ceci yara masu ɗimbin yawa a jiharmu tun yunwar 2005. Gyaɗa da garin madara ne, leda ɗaya tana da furotin fiye da gram 12. Idan aka auna dantsen ɗanku a ƙauye aka ce a sa shi cikin shirin, ku nuna takardar likita kafin ya lasa. Ku sa a rubuta cutar da manyan baƙaƙe a bangon karnen rigakafinsa. Rigakafin kansa kuma a yi masa shi gaba ɗaya, babu wanda PKU ta hana.

Mataki na 5: ranar da zazzaɓi ya zo

Zazzaɓin cizon sauro, gudawa ko ƙyanda suna sa jiki ya narka namansa, sai fenilalanin ya hau ko da yaron bai ci komai ba. Daga Agusta zuwa Oktoba ku ƙara kula: gidan sauro, maganin rigakafin damina, asibiti tun ranar farko. A ci gaba da madarar musamman kaɗan-kaɗan, a ba shi kunun sitaci da abin sha mai sukari, kada ya daɗe ciki wayam. Idan farfaɗiya ta kama shi a kwantar da shi ta gefe, kada a tura masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa. Ba ta yaɗuwa ta miyau, ba dalilin gudunsa.

Mataki na 6: shawo kan mutanen gida

Abincin yakan karye ne a hannun masu ƙauna. Kaka ta ga jikanta yana kallon ƴan uwansa suna shan fura, zuciyarta ta karye, ta miƙa masa ludayi a ɓoye. Kada suruka ta ɗauki wannan faɗan, ba za ta ci ba. Ɗanta ne zai zauna gabanta ya ce: "Inna, na san tausayinsa kike ji. Likita ya ce furar nan ƙwaƙwalwarsa take taɓawa, ba cikinsa ba, shi ya sa ba ma ganin illar nan take. Ga mangwaro, ga soyayyen rogo, duk lokacin da ya zo ɗakinki ki ba shi, ya san abin daɗi a wurinki yake." Tsohuwar da aka ba aiki ta fi wadda aka kafa wa doka riƙon amana.

Za a ce iska ce, za a ce ɗan ruwa ne, za a kawo sunan malamai da bokaye. Addu'a ba ta karo da sikeli, a yi ta. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, da duk wanda zai ce a daina madarar.

Mataki na 7: karanta halin yaro

Idan yaron da kuka sani da nutsuwa ya koma fushi ba dalili, ba ya zama wuri ɗaya, barci ya gagara, yana manta aike tsakanin ɗaki da zaure, tambayar farko ba "wa ya ɓata shi" ba ce. A duba karne: me ya ci a kwanakin nan, madarar ta yanke ne, ya yi zazzaɓi? Idan da hali a gwada jini. Bulala ba ta sauke fenilalanin. Ko yaran da aka kula da su tun haihuwa sun fi sauran yara fama da ƙarancin mai da hankali, jinkirin tunani, fargaba da baƙin ciki, abin kuma yana ƙaruwa duk lokacin da fenilalanin ya hau.

Amma ba komai ne daga jini ba. A gidajenmu yara kwano ɗaya suke ci, wanda aka ware wa nasa kwanon yana jin an fitar da shi daga dangi. Ki zaunar da shi a tabarma ɗaya da su, lokaci ɗaya, tuwonsa ya yi kama da nasu. Ranar Juma'a, ko wata rana a mako, kowa ya ci irin nasa. Kada a kira shi marar lafiya a gaban baƙi, kada a yi masa alkawarin tsire idan ya yi abin kirki. Tun yana shekara 3 ko 4 a koya masa jimla ɗaya da zai faɗa da bakinsa: "Na gode, Goggo, ba na cin wannan." Yana kai 7 ya fara auna garinsa da kansa. Idan ya saci ƙosai ya zo ya faɗa, a yaba masa faɗin gaskiyar kafin a yi maganar ƙosan, in ba haka ba gobe ba za ki ji ba.

Babbar Sallah ita ce jarrabawa mafi girma, kwana da kwanaki gari yana ƙamshin suya. Ki tanadi nasa tun jajibere: soyayyen dankali da yaji, alawa, lemo, abin da zai riƙe a hannu yana yawo da sa'o'insa.

A lakwal, ku je ku ga malaminsa da kanku. A zaunar da shi gaba, a riƙa ba shi umarni ɗaya-ɗaya, a ƙara masa lokaci. Ku haɗa masa abin tara daga gida maimakon kuɗi. Tura shi almajiranci wani gari kuwa ba zai yiwu ba, mai bara ba ya zaɓen abin da aka zuba masa. Ya yi karatun allonsa a unguwa ya kwana gida.

Shekarun balaga ne aka fi sakin abincin. Saurayi yana jin kunyar fito da kwalbar madara a majalisa, ya ci nama sau biyu bai ga ya faɗi ba, sai ya ce ƙarya ake yi masa. Illar a hankali take zuwa: kasala, saurin fushi, faɗuwa jarrabawa, ƙin shiga mutane. Bayan shekara 12 ƙa'idar Turai ta sassauta zuwa 600, amma abincin na har abada ne. A bar shi ya riƙa ganin likita shi kaɗai wani lokaci. Batun azumi a haɗa likita da malami, domin doguwar yunwa tana ɗaga fenilalanin, shari'a kuma ta yi wa marar lafiya rangwame. Idan an yarda ya yi, a raba madarar tsakanin buɗa-baki, bayan asham da sahur. Idan ya daina cin abinci, ya kulle kansa fiye da mako 2, ko ya ambaci cewa gara ya mutu, ranar za a kai shi wurin ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa, kada a bari sai gobe. Akwai magunguna irin su sapropterin, wanda Amurka ta amince da shi a 2007, amma wasu kawai yake yi wa aiki, galibi masu cutar marar tsanani, kuma yana da tsada ƙwarai.

Mataki na 8: uwar ma a duba ta

Ita ke aunawa, ita ke hanawa, ita yaron ke yi wa kuka, ita kuma ake cewa daga jinin gidansu ne. Wannan magana ba ta da tushe. Yaro ba ya kamuwa sai ya gaji ƙwayar halittar daga uwa da uba duka biyu, su kuwa lafiyarsu ƙalau, ba su san suna ɗauke da ita ba. Maigida ya faɗi haka da bakinsa a gaban danginsa, sau ɗaya, a fili. A koya wa mutum na biyu aikin sikeli, ƙanwa ko abokiyar zama ko babbar ƴa, don uwar ta samu zuwa biki da gaisuwar rasuwa kamar kowa. Idan ta daina barci, tana kuka ita kaɗai, ta daina kula da jikinta, ita ma ganin likita take buƙata, ba "ki yi haƙuri" kawai ba.

Mataki na 9: ƙanne da aure

Kowane ciki da waɗannan iyaye za su sake samu, yiwuwar PKU 1 ce cikin 4, kuma kowane ciki lissafinsa daban. Ku shirya takardar gwaji tun kafin haihuwa, a ɗauki jinin dugadugi tsakanin awa 48 da 72, kada a jira suna. Yayyen da ke da jinkirin karatu su ma a gwada su.

Ƴa mace mai PKU tana iya aure ta haihu, amma idan fenilalanin ɗin jininta yana sama lokacin ciki, jaririn na iya zuwa da ƙaramin kai, ciwon zuciya ko naƙasar hankali, ko da shi bai gaji cutar ba. Dole fenilalanin ya sauka tsakanin 120 da 360 tun kafin ta ɗauki ciki, ya zauna nan har ta sauka. Don haka a gaya wa mai neman aurenta da magabatansa tun kafin a sa rana, a kai su biyun wurin likita su tsara lokacin ɗaukar ciki, a kuma saka kuɗin madarar cikin abin da zai ɗauka. Idan ɗan uwa ne na jini, shi ma a nemi shawarar likita a kansa kafin a karɓi sadaki.